Tsangwamar mata a wurin aiki a Damagaram: tambayoyi da amsoshi kan kai ƙara

Waɗannan tambayoyi su ne suka fi maimaituwa a bakin mata ma'aikata na Damagaram da kewaye: malaman makaranta, ungozomomi, sakatarori, ƴan sitaj (masu koyon aiki), masu aiki a ƙungiyoyin agaji, da ƴan aikin gida. Yawancin ƙararrakin da ke mutuwa a hanya ba don matar ta yi ƙarya ba ne. Suna mutuwa ne saboda komai da baki aka yi shi, ba a rubuta ba, kuma an bari lokaci ya ja. Shi ya sa za ki ga muna ta komawa kan takarda da kwanan wata.

1. Wane irin hali ne ake kira tsangwama a wurin aiki?

Duk wata magana, ishara, saƙo ko taɓi mai nufin neman lalata, wanda ba ki so, kuma aikinki ne ya haɗa ki da mai yin sa. Wani a fili yake zuwa: "in kina son a sabunta kwantaraginki, kin san abin da za ki yi." Wani kuma a hankali yake shigowa. Shef ya riƙa ajiye miki aiki sai an kusa tashi, har ofis ya watse ya rage daga ke sai shi da mai gadi can bakin ƙofa. Ya riƙa kira bayan sallar isha'i da sunan tambayar wata takarda. Ya sa sunanki ke kaɗai cikin tafiyar aiki zuwa Gure ko Tanut. Ya tsaya bayan kujerarki yana nuna miki abu a kwamfuta, hannunsa a kafaɗarki.

Akwai kuma ramuwar gayya bayan kin ƙi: a daina gaishe ki, a janye miki aikin da kika saba, a riƙa yi miki takardar neman bayani kan lattin minti biyar da kowa ke yi, a hana ki hutu, ko a tura ki ƙauye mai nisa. Wannan ɓangare ya fi sauƙin tabbatarwa, domin yana barin sawu a takarda. Duba amsa ta 5.

2. Ya ce wasa yake yi, ko kuma aure yake nema. Wannan ma tsangwama ce?

Wasan taubasai da barkwancin ƙabilu al'ada ce mai daraja a Nijar, amma tana da iyaka da kowa ya sani. Abokin wasa yana tsokanarki a gaban jama'a, ki rama, a yi dariya. Ba ya rufe ƙofa, ba ya siffanta jikinki, kuma albashinki ba a hannunsa yake ba. Wasan da ɗaya ke dariya ɗaya na neman hanyar fita ya tashi daga wasa.

Neman aure kuwa yana da ƙofarsa: a yi magana sau ɗaya da mutunci, in an amince a je wurin magabata. Idan kin ce a'a ya ci gaba, ko ya haɗa maganar da ƙarin girma ko kora, ko ya san da aurenki, to ba aure yake nema ba. Ma'aunin mai sauƙi ne: kina iya cewa a'a ki kwana da tabbacin gobe aikinki na nan?

3. Me dokar Nijar ta ce?

Dokoki biyu ne suka taɓo maganar kai tsaye. Dokar ƙwadago mai lamba 2012-45 ta 25 ga Satumba 2012, a sashi na 45, ta haramta wa mai iko amfani da matsayinsa a wurin aiki don neman lalata da wani. Dokar hukunta laifuka kuma, tun gyaran 2003, ta sa wannan hali cikin laifuka a sashi na 281-1: wanda ya matsa wa wani ta hanyar umurni, barazana ko tilasci don neman lalata, hukuncinsa ɗaurin wata 3 zuwa 6 da tarar jika 10 zuwa jika 100 (jika ɗaya sefa dubu ɗaya ce). Idan mai laifin ya yi amfani da ikon muƙaminsa, ɗaurin na kamawa daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara ɗaya, tarar kuma jika 20 zuwa jika 200.

Hukuncin ya yi kaɗan idan aka auna shi da abin da mace ke rasawa, wannan gaskiya ce. Kuma kalmomin dokar sun fi kama mai ba da umurni da mai barazana. Abokin aiki da kuke matsayi ɗaya, mai zubar da maganganun banza ba tare da barazana ba, ya fi wuyar kamuwa da wannan sashi. Nasa ya fi tafiya ta hanyar ladabtarwar cikin gida (amsa ta 6), sai fa idan ya kai ga zagi, barazana ko taɓa jiki, waɗanda kowannensu laifi ne mai zaman kansa.

4. Abin ya fara faruwa da ni. Me zan yi tun yanzu?

Ki ƙi sau ɗaya a fili, da kalmomin da ba sa ɗaukar fassara biyu. Kunya kan sa mace ta ce "sai wani lokaci" ko ta yi murmushi ta wuce, shi kuma gobe ya ce ai ba ta taɓa hana shi ba. Idan fuska da fuska ya yi miki nauyi, ki aika saƙo gajere: "Ranka ya daɗe, maganar da ka yi mini jiya a ofis ban ji daɗinta ba. Ina roƙo mu tsaya kan aiki kawai." Kada ki sa zagi, kada ki sa barazana. Wannan saƙo shi ne tubalin farko na shaidarki, domin yana da rana da sa'a, kuma amsar da zai bayar takan tona shi.

Daga nan ki rage kaɗaita da shi iyakar iko: ƙofa a buɗe, ki shiga da abokiyar aiki, kada ki hau motarsa. Ki daina karɓar kyauta ko kuɗin mai, ko da a da kin karɓa. Sannan ki gaya wa mutum ɗaya mai riƙon amana a ranar da abin ya faru.

5. Wace shaida ce ke da amfani, kuma yaya zan adana ta?

Ki sayi ƙaramin littafi, ki ajiye shi a gida, ba a aljihun teburin ofis ba. Duk abin da ya faru ki rubuta a ranar: kwanan wata, sa'a, wuri, abin da ya faɗa da kalmominsa, abin da kika amsa, da wanda ke kusa. Misali: "Talata 14 ga wata, ƙarfe 5 da rabi. Ya kira ni ofishinsa, ya murza makulli. Ya ce in zauna kusa da shi. Na ƙi, na tsaya bakin ƙofa. Mai shara tana baranda, ta ga fitowata." Layi huɗu irin wannan sun fi shafi guda na "kullum yana damuna", domin mai bincike yana iya bin diddiginsu.

Saƙonnin WhatsApp kada ki goge ko ɗaya, har da naki amsoshin, ko da wasu ba su yi miki daɗin karantawa ba. Hirar da aka tsittsinke ta fi jawo zargi. Ki ɗauki hoton fuskar waya yadda lambarsa za ta fito, ba sunan da kika sa masa kawai ba, tare da rana da sa'a. Ki yi haka da wuri, tunda yana iya goge saƙo daga ɓangarorin biyu. Saƙon murya da ya aiko ki tura shi zuwa wata waya ko katin ajiya da ke hannun ƴar'uwarki. Idan wayar ta wurin aiki ce, ana iya karɓe ta a yini ɗaya, don haka ki kwashe komai tun yau. Mai hali yana iya zuwa wurin ma'aikacin shari'a da ake kira wisiye, ya duba wayar ya rubuta abin da ya gani a takarda mai hatimi. Naɗar muryarsa a ɓoye kuwa, ki shawarci masanin doka kafin ki yi amfani da ita, kuma kada ki tura wa kowa.

Ki tara takardun aikinki ma: kwantaragi, takardun albashi, yabo ko makin da aka ba ki a baya. Idan shekara uku ana yaba aikinki, sai mako biyu bayan saƙon ƙin amincewarki takardun laifi suka fara sauka, jerin ranakun kaɗai ya isa magana.

6. Wa zan fara kai wa kuka a cikin wurin aikin?

Wanda ke sama da mai tsangwamar, ko mai kula da ma'aikata. Kamfanin da ma'aikatansa suka haura 10 doka ta tanadi a zaɓi wakilan ma'aikata, waɗanda ake kira delege, kuma ba a korarsu sai da izinin sufeton aiki, wato jami'in gwamnati mai sa ido kan dokar ƙwadago, don haka sun fi sauran ƙarfin buɗe baki. Manyan ƙungiyoyin agaji suna da ƙa'idar ɗa'a da kowa ya sa wa hannu, da hanyar kai ƙara da ke tsallake shugaban ofishin Damagaram ta kai Yamai ko hedkwatarsu. Ki nemi wannan takarda ki karanta.

Ko wa za ki kai wa, ki kai a rubuce, kwafi biyu. Ɗaya ki bayar, ɗaya a buga miki hatimi da kwanan wata ki riƙe. A nan ne mata da yawa ke faɗuwa: ta shiga wurin darekta ta yi bayani da hawaye, ya ce "ki yi haƙuri, zan yi masa magana", bayan wata biyu ya ce bai tuna ba. Idan sakatariya ta ƙi karɓa, ki aika ta gidan waya da rajista, ki ajiye rasit. Takardar kada ta wuce shafi ɗaya ko biyu: abin da ya faru da ranakunsa, shaidun da kike da su, da abin da kike nema, kamar a yi bincike kuma a raba ku wurin aiki.

7. Shi ne mai kamfanin, babu kowa sama da shi. Ina zan nufa?

Ofishin sufeton aiki na jihar Damagaram. Ki je da katin shaida, takardun aikinki da kwafin shaidu. Na asali su zauna a hannunki. Sufeto yana da ikon kiran mai kamfani ya gwada sasanta ku. Idan an daidaita, a rubuta a sa hannu. Idan ba a daidaita ba, ya rubuta takardar rashin sulhu, da ita ake wucewa kotun ƙwadago, kuma shari'a a wannan kotu kyauta ce. Abin da wannan hanya ke nemo miki shi ne haƙƙin aiki: albashin da aka riƙe, kuɗin sallama, diyyar kora ba bisa ƙa'ida ba. Ɗauri da tara ta wata ƙofa suke, duba amsa ta 9. Ana iya bin hanyoyin biyu lokaci guda.

8. Ni ma'aikaciyar gwamnati ce, ko ƴar kwantaragi, ko ƴar sitaj. Hanya ɗaya ce?

A'a. Cikakkun ma'aikatan gwamnati ba dokar ƙwadago ke tafiyar da su ba, suna da tasu dokar ta aikin gwamnati, kuma ladabtarwa ta hannun magabatan aiki take bi. Malama za ta rubuta wa sufeton makarantu ko daraktan ilimi na jiha. Ma'aikaciyar lafiya ta rubuta wa babban likitan gunduma ko daraktan lafiya na jiha. An saba takarda ta bi ta hannun shef na kusa, to amma idan shi ne ake ƙara, ki tsallake shi, ki faɗi dalili a layin farko. Ki sanar da sandikarki, wato ƙungiyar ƙwadagonki, irin su SNEN ta malamai ko SUSAS ta ma'aikatan lafiya, ki nemi mace daga cikin shugabanni ta raka ki.

Ƴan sitaj da masu hidimar ƙasa su ne suka fi rauni, saboda sa hannun mutum ɗaya ke tsakaninsu da takardar kammalawa. Ɗaliba ta koma wa malamin da ke bibiyar sitaj ɗinta a makaranta ko jami'a, ta nemi a sauya mata wuri tun kafin lokacin ba da maki. Dokar laifuka kuwa ba ta tambayar irin kwantaraginki, kowa ta rufe.

9. Yaya ake kai ƙara wurin ƴan sanda ko kotu?

Kina iya zuwa kwamisariya idan cikin gari kike, ko jandarmari idan a karkara ne. Ki tambayi jami'an da ke kula da mata da ƙananan yara, ki nemi a saurare ki a keɓe, ba a gaban layin masu jira ba. Za a rubuta bayaninki. Kada ki sa hannu sai an karanta miki, an fassara da Hausa idan Faransanci bai ishe ki ba, kuma an gyara duk abin da ba haka kika faɗa ba. Hanya ta biyu ita ce ki rubuta kai tsaye zuwa ga mai gabatar da ƙara na babbar kotun Damagaram, ko kotun da ke gundumarki kamar Mirya, Magariya ko Matamaye. Wannan ta fi dacewa idan kina tsoron mutumin yana da sanayya a kwamisariya.

Mai gabatar da ƙara yana iya tura maganar gaban alƙali, yana iya kuma ajiye ta idan ya ga shaida ba ta kai ba. Ajiyewa ba ita ce ƙarshe ba: kina iya kai ƙara gaban alƙali mai bincike a matsayin wadda aka cuta, sai dai akan nemi ki ajiye wani kuɗi. Wa'adin bin laifi irin wannan shekara 3 ne, na manyan laifuka kamar fyaɗe shekara 10. Amma kada wannan ya sa ki jinkiri, domin shaidu suna sauya wurin aiki, wayoyi suna lalacewa.

10. Idan ya kai ga amfani da ƙarfi ko fyaɗe fa?

Asibiti da farko, kafin komai. Maganin kariya daga ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72, ana sha kwana 28. Maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa yana aiki har kwana 5, amma gwargwadon saurin sha gwargwadon ƙarfinsa. Babban asibitin ƙasa na Damagaram, cibiyar kula da uwa da yaro, ko asibitin gunduma mafi kusa, duk wanda ya fi sauƙin isa. Idan kina iya daurewa, kada ki yi wanka kafin a duba ki, kuma tufafin da ke jikinki kada a wanke. A naɗe su cikin takarda ko ƙyalle mai tsabta, ba leda ba, saboda leda na riƙe danshi ta lalata shaida. Ki nemi takardar likita mai bayyana raunuka. Lambar ƴan sanda 17. Hukuncin fyaɗe a Nijar ɗaurin shekara 10 zuwa 20 ne, kuma ba maganar da ake kashewa a zaure ba ce.

11. Ina tsoron mijina ko iyayena su ji, su ce in bar aikin.

Wannan shi ne babban abin da ke rufe bakin mata a nan, ya fi tsoron shef. Mace ta sha fama kafin a bar ta ta fita aiki, ta san kalma ɗaya za ta iya mayar da ita gida, ko ta jawo tambayar "ke me kika yi masa har ya ga fuska?" Mai tsangwamar ya san haka sarai, da shi yake samun ƙarfi.

Duk da haka, jin maganar daga bakinki ya fi jin ta daga bakin gari, kuma Damagaram ba ta ɓoye labari. Ki zaɓi wanda zai buɗe maganar tare da ke: yaya, gwaggo, ko malamin da maigidan ke jin nauyinsa. Ki nuna saƙon da kika ƙi shi a ciki (amsa ta 4), ki zo da shawarar matakin da za ki ɗauka, don kada shawarar farko ta zama "ajiye aikin". Ki roƙi maigida kada ya je ya tari mutumin da kansa. Duka ɗaya ya isa ya mayar da mai laifi mai ƙara. Ga magidanta kuma: matar da ta kawo maka wannan magana amana ta ba ka, kuma cire ta daga aiki hukunta ta ne a kan laifin wani.

Masu cewa sai da shaidu huɗu sun haɗa abu biyu. Wancan sharaɗi na tuhumar zina ne. Wadda ta ce an matsa mata, kukan zalunci ta kawo, kuma aya ta 148 cikin Suratun Nisa'i ta ba wanda aka zalunta damar bayyana abin da aka yi masa.

12. An turo manya a yi sulhu a rufa asiri. In yarda?

Ke ke da zaɓi, kuma sulhu ba abin kunya ba ne. Amma ki duba asirin wa ake rufawa. Sulhun da ya ƙare da "ku yafi juna" alhali gobe za ki koma ƙarƙashinsa bai gyara komai ba. Idan za ki karɓa, ya zama a rubuce, da shaidu daga ɓangarenki, ya ƙunshi raba ku wurin aiki ba tare da ke aka tura nesa ba, da janye takardun laifin da aka yi miki. Kada ki miƙa wayarki, kada ki goge komai a matsayin sharaɗi, kada ki sa hannu kan cewa abin bai faru ba.

13. In ajiye aikin in huta?

Idan lafiyarki ko ranki na cikin haɗari, ki fita, aiki bai kai rai ba. In ba haka ba, kada ki rubuta takardar murabus cikin fushi, kuma kada ki daina zuwa haka kawai. Mai murabus takan rasa kuɗin sallama, mai ƙaurace wa aiki kuma ta ba su hujjar korarta da laifi. Idan damuwa ta hana ki barci da cin abinci, ki ga likita ya ba ki hutu a rubuce. Idan an ce "kada ki dawo gobe" da baki, ki nemi takardar kora mai ɗauke da dalili. In an hana, ki je wurin sufeton aiki a ranar. Kada ki sa hannu kan takardar cewa an biya ki duk haƙƙinki sai wani masani ya duba lissafin.

14. Yana iya juya ƙarar a kaina? In fallasa shi a Facebook?

Yana iya ƙarar ki da ƙage, amma laifin ƙage na wanda ya san ƙarya yake yi ne. Wadda ta kai wa hukuma abin da ya same ta da gaskiya, ba ta ƙara gishiri ba, tana kan tudu ko da shaidarta ta gaza. Intanet kuwa wani ramin ne. Dokar laifukan intanet ta 2019, wadda aka ƙara tsaurarawa a 2024, ta tanadi ɗauri kan ɓata suna ta waya ko shafukan sada zumunta. Sa sunansa da hotonsa a Facebook ko rukunin WhatsApp na iya kai ki gaban alƙali kafin shi.

15. Ba ni da kuɗin lauya, kuma aikina ba na takarda ba ne.

Hukumar ANAJJ, wadda aka kafa da dokar 2011 don taimakon marasa hali a shari'a, tana da ofisoshi a manyan kotuna. Ki tambaya a kotun Damagaram. Ƙungiyar mata masana doka ta AFJN da ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta ANDDH suna ba da shawara, haka ma ofishin jiha mai kula da ci gaban mata da kare yara.

Ƴar aikin gida, mai wanke-wanke a gidan abinci, mai jiran shago a Kasuwar Dole, duk ma'aikata ne a idon doka muddin suna aiki ƙarƙashin wani don a biya su, ko ba a rubuta komai ba. Abin da ake buƙata shi ne tabbatar da aikin: maƙwabtan da ke ganin zuwanki kullum, rasit na kamfanin tura kuɗi irin su Nita ko Amana idan ta nan ake turo kuɗin, saƙonnin da ake kiranki aiki. Wadda ba ta iya rubutu ba ta naɗi muryarta a waya duk ranar da abu ya faru, ta faɗi rana da wuri, ta tura wa ƴar'uwa. Idan yarinya ce da ba ta kai shekara 18 ba, babban da ya sani ya kai maganar wurin jami'an kare yara, kada a jira ta.

16. Ni abokin aikinta ne, na ga abin da ke faruwa. Me zan iya yi?

Ka rubuta abin da idonka ya gani da ranarsa, ban da abin da ka ji a bakin wasu. Ka gaya mata a keɓe cewa ka gani, kuma za ka faɗa idan an tambaye ka, amma kada ka kai maganar gaba ba da saninta ba. Idan ka lura an riƙe ta bayan tashi, ka daɗe kai ma kana haɗa takardunka, ko ka ƙwanƙwasa ƙofa da wata tambayar aiki. Ranar da aka kira ka shaida, ka tafi da katin shaidarka da abin da ka rubuta, ka tsaya kan ranaku da sa'o'i, kuma ka karɓi kwafin duk takardar da ka sa wa hannu.